Bayan Alƙalawa: Gobir, Yukren da Farashin Taimakon Maƙwabci

A watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta shiga Alƙalawa, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, birnin da Sarki Babari ya gina a bakin gulbin Rima ya zama kufai. Kufan yana nan a ƙasar Sabon Birni ta yau. Littattafan makaranta sukan naɗe tabarmar Gobir a wannan gaɓa, kamar da faɗuwar birni an gama magana. Amma a 1826 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ga da idonsa yadda rundunar Bello ta kewaye Konya, inda Gobirawa suka koma da zama, ta yini tana bugu, ta tashi ba ta ci garin ba. A 1842 kuma Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a Katuru sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Tsibiri. Mutanen da aka ce an gama da su shekara 34 da suka wuce, ga shi suna da ƙarfin da har zai ci ran shugaban daula. Me ya riƙe su?

Amsar da ta fi daɗi a kunnen Bagobiri ita ce jarunta, kuma ba wanda zai hana musu ita. Sai dai jarumai da yawa sun faɗi a tarihi ba su sake tashi ba. Abin da ya raba Gobir da su shi ne tana da inda za ta ja da baya ta huta, tana kuma da maƙwabtan da suka ga cewa tsayuwarta tsayuwarsu ce. Duniya ta sake ganin wannan lissafi tun daga 24 ga Fabrairu 2022, ranar da Rasha ta auka wa Yukren da niyyar kama Kiyef cikin 'yan kwanaki. Tsayuwar makonnin farko ta mutanen ƙasar ce, da jininsu suka saye ta, har dakarun Rasha suka janye daga kewayen babban birnin a farkon Afrilu. Amma ƙwato yankin Kharkiv a Satumba da birnin Kherson a Nuwamba ba zai yiwu ba in ba don iyakar Polan tana buɗe ba. Ta nan makamai ke shiga, ta nan miliyoyin mata da yara suka fita zuwa inda igwa ba ta kaiwa.

Ga Gobir, arewa ce ta yi wannan aiki. Tun kafin birni ya faɗi Yunfa ya dogara da Azbinawa. Da su aka yi yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu Usmanu ta yi asarar da Bello da kansa ya ƙiyasta da mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Bayan 1808 sai aka sami wasu da ciwonsu ya zo ɗaya da na Gobirawa, wato gidan sarautar Katsina da aka kora, wanda ya kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. Can gabas kuma ga Damagaram, wadda ba ta taɓa bin Sakkwato ba, wadda a zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi har ta riƙa ƙera igwa a Zinder. Kwarin gulbin Maraɗi kansa, da duhuwar itatuwansa, wuri ne da dawakin Sakkwato ba su sakewa. Runduna takan zo da rani, ta ƙone abin da ta ƙone, damina na ƙaratowa dole kowa ya koma gona. Wanda aka kora sai ya fito daga kwari ya gyara ganuwa. Daula mai faɗi kamar Sakkwato tana da Kabi a yamma da Barno a gabas da ke jan hankalinta. Bagobiri kuwa fage ɗaya gare shi.

Taimakon maƙwabci dai yana da ranar da yake ƙarewa, kuma ba mai karɓa ke sa ranar ba. A 1836 Gobirawa da Maraɗawa da Azbinawa suka haɗa runduna mafi girma da suka taɓa haɗawa, suka gamu da Bello a Gawakuke. Aka kashe Sarkin Gobir Ali, aka kashe Rauda na Maraɗi, shi kuwa Ibra, jagoran Azbinawan, ya tsira da ransa ya koma arewa. Ba sai an zarge shi da tsoro ba. Yana da sahara a bayansa da raƙuma da kasuwancin gishiri, rashin nasara a Gawakuke ba ta raba shi da gida. Wannan bambanci tsakanin mai yaƙin gida da mai taya shi shi ne ya bayyana a dambarwar siyasar Amurka, lokacin da majalisar dokoki ta riƙe tallafin kusan dala biliyan 61 watanni da dama. Kafin a sake shi a Afrilun 2024, garin Avdiivka ya riga ya faɗi a Fabrairu, sojojin Yukren na ƙirga harsashin igwa. Ƙasar da ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin Budapest na 1994, wanda Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa wa hannu, ta fi kowa sanin cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shi ya sa ta duƙufa wajen ƙera jirage marasa matuƙi na kanta, da su da jiragen ruwa marasa matuƙi ta tilasta wa rundunar ruwan Rasha ja da baya a Baƙin Teku. Gobirawa su ma ba su zauna jiran Ibra ba. Sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi bayan Gawakuke, aka ci gaba daga nan.

Mai karatu a Sakkwato zai ce a dakata. Yaya za a jera jihadin Shehu Usmanu da mamayar da wata ƙasa ta yi wa maƙwabciyarta? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi. An haifi Shehu a Maratta, ya zauna a Degel, duk cikin ƙasar Gobir, kuma daga cikin mabiyansa akwai Hausawa da Fulani da Buzaye. Harin Gimbana da hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 sun nuna cewa sarautar Gobir ce ta fara zare takobi. Ballantana ita kanta Alƙalawa a kan ƙasar Zamfara aka gina ta, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, don haka ba baƙi ba ne wajen cin ƙasar wani. Yukren kuwa ƙasa ce mai iyakar da Rasha ta amince da ita a rubuce, shi ya sa a ranar 2 ga Maris 2022 ƙasashe 141, ciki har da Najeriya da Nijar, suka yi tir da mamayar a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta fuskar wa ke da gaskiya, shari'o'in biyu ba su haɗa hanya ba. Inda suka haɗu shi ne yadda ƙarami ke jure wa babba shekara da shekaru, kuma wannan tambaya ce ta hatsi da dawaki da hanya, wadda amsarta ba ta sauyawa don mai jurewar yana kan gaskiya ko akasin haka.

Sabon Birni ita ce shafin da ya fi wuyar karantawa. A rabi na biyu na ƙarni na 19 gidan sarautar Tsibiri ya rabu, Ɗan Halima ya saɓa da Sarki Bawa ɗan Gwanki, ya dawo kudu ya kafa sabon gari kusa da kufan kakanninsa da yardar Sakkwato. Wani zai kira wannan sallamawa. Amma a duba abin da ya biyo baya: Gobirawa sun dawo kwarin Rima da sarautarsu da tsagarsu, abin da yaƙin shekara 50 bai ba su ba. Sakkwato ita ma ta samu abin da take so, gari tsakaninta da maharan arewa, ga kuma Isa a kudu, ribaɗin da zuriyar Bello ke riƙe da shi yana sa ido. Har yau ana kiran Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa, biyu na tsohon gidan sarautar Gobir, biyu na gidan Shehu. Yaƙin da ba wanda ya ci shi ƙarshe ne ya bar wannan gado. Sai dai sulhun Ɗan Halima Bagobiri ne ya ƙulla shi da kansa, da sanin abin da zai bayar da abin da zai karɓa, kuma a nan darajarsa take.

Doguwar gaba ba ta tsayawa a kan masu yin ta. Clapperton da Heinrich Barth duk sun ba da labarin yadda ayari ke ratsa dajin Gundumi dare da rana ba zango, don tsoron mahayan Gobir, kuma kowane kaya da ya bi wannan hanya ya isa kasuwa da kuɗin tsoron a kansa. A 2022 Rasha da Yukren na fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta a duniya. Da aka toshe tashar Odesa farashin fulawa ya tashi har a gidajen burodin Kano, sai da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka buɗe hanyar hatsi a watan Yuli, Rasha kuma ta fice bayan shekara guda. Sinadarin fotash da Najeriya ke sayowa daga Rasha don haɗa takin zamani ya maƙale, aka koma neman sa a Kanada. Manomin albasa a fadamar Rima ya biya kuɗin yaƙin da bai san mafarinsa ba.

Abin da ya raba Gobir biyu a ƙarshe ba a fagen daga aka yanke shi ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta tura Faransawa can arewa inda ba rijiyoyi, ko da yake hakan bai hana ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ƙone Birnin Ƙwanni a 1899 ba. Faransa na son hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Zinder. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, Ingila kuma ta sassauto da iyaka kudu, aka ƙara gyara ta a 1906. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila, ba a tambayi ko ɗaya daga sarakunan ba. Wannan ne tsoron da ya kama Kiyef ranar 18 ga Fabrairu 2025, da jami'an Amurka da na Rasha suka zauna a Riyad suna maganar makomar Yukren ba tare da ɗan ƙasar ko ɗaya a teburin ba.

Layin 1906 bai kashe tsohuwar hanya ba. Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun bi sawun kakanninsu zuwa Gidan Rumji da ƙauyukan jihar Maraɗi, dangi suka fara karɓar su kafin hukumar 'yan gudun hijira ta iso. Jagoran 'yan bindiga Bello Turji ba daula ba ne, kuma mutanen da ke biyan harajin dole kafin su girbe gonarsu ba su da wata majalisar ƙasar waje da ke muhawara kan tallafa musu. A Agustan 2024 masu garkuwa suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa. A wannan watan na Agusta ne kuma gwamnatin sojan Nijar, mai riƙe da mafakar Gobirawa ta arewa, ta bi sawun Mali ta yanke hulɗa da Yukren, alhali tun juyin mulkin Yulin 2023 tsamin dangantakarta da Abuja ya raunana sintirin haɗin gwiwa a kan iyakar.