Daga Cigiya zuwa Gwanjo: Tarihin Hukuncin Kayan da Ba a Zo Nema ba a Ƙasar Katsina

Gabatarwa

Duk garin da ya zama mahaɗar fatake ba ya rasa kayan da aka nemi mai su aka rasa. Falke kan rasu a masauki, ayari kan watse a hanya, wani kuma ya bar kaya jingina ya tafi neman kuɗin fansa bai komo ba. Birnin Katsina, wanda ya daɗe yana karɓar ayarin Agadas da Gadamus da Tuwat, ya san wannan matsala tun da daɗewa. A yau ta bayyana da sabon suna, wato kayan da suka wuce wa'adi a hannun Hukumar Kwastan. Wannan maƙala ta bi sawun hukuncin irin waɗannan kaya, daga littattafan Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Katsina zuwa dokar kwastan ta 2023, domin a ga abin da ya ɗore da abin da ya salwanta.

Asalin hukuncin a fiƙihu

Tushen babin tsintuwa shi ne hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani (RA) da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya yi tsintuwa da ya kiyaye siffar jakar da maɗaurinta, ya yi cigiya shekara guda, kuma ya bambanta hukuncin akuya da na raƙumi. Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H) a Risala, da Shaihu Khalil a Mukhtasar, sun gina bayaninsu a kan wannan. Bayan shekara, mai tsintuwa yana da zaɓin ya ci gaba da ajiya, ko ya yi sadaka da ita, ko ya mallake ta, amma a biyun ƙarshe lamuni yana wuyansa duk ranar da mai ita ya bayyana.

Abin da ya fi kusa da aikin hukuma shi ne asarin da Imam Malik ya ruwaito daga Ibnu Shihab. A zamanin Sayyidina Umar (RA) ana barin ɓatattun raƙuma suna kiwo har suna haihuwa, ba mai taɓa su. Da zamanin Sayyidina Usman (RA) ya zo, sai ya yi umarni a yi cigiyarsu, sannan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗin. A nan aka ga shugaba ya sayar da dukiyar da ba tasa ba saboda maslaha, ba tare da haƙƙin mai ita ya faɗi ba. Abin da ya sauya shi ne haƙƙin ya tashi daga kan raƙumi ya koma kan kuɗinsa.

Katsina kafin jihadi da bayansa

Sarakunan Katsina ba su rasa masu tunatar da su ba. Shaihu al-Maghili ya zauna a birnin a ƙarshen ƙarni na 15, Imam al-Suyuɗi (ya rasu 911H) kuma ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Tukururu, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim. A kasuwa, fatoma shi ne garkuwar baƙo: shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma shi ake tambaya in mai kaya ya ɓace.

Duk da haka, abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bayyana a Kitabul Farƙ game da sarakunan ƙasar Hausa ya nuna yadda al'ada ta rinjayi hukunci. Cikin abubuwan da ya zarge su da su akwai ɗora wa fatake da matafiya haraji, da cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado, da riƙe dabbobin talakawa da suka shiga garken sarki har sai an fanshe su. A littafin dai ya lissafa hanyoyin shigar Baitulmali na halal, ya sanya dukiyar da aka rasa mai ita a cikinsu. Ke nan Shehu bai hana hukuma karɓar irin wannan dukiya ba. Abin da ya hana shi ne a ayyana ta marar mai ita alhali ba a nemi mai ita ba, ko kuma ta ƙare a taskar sarki maimakon ta al'umma.

Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a wajajen 1807 a kan wannan manufa, sai dai aiwatarwa ta danganta ga adalcin wanda ke kan gado. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya iso birnin a farkon 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya ba da labarin yadda aka tsare shi kwanaki ana ja-in-ja kan kyautar da zai bayar kafin a sallame shi zuwa Kano.

Zuwan iyaka da kwastan

Turawa sun shigo Katsina a 1903. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, hanyar da a da ta fatauci ce kawai ta zama hanyar shigo da kaya daga ƙasar waje. An soke kuɗin fiton ayari a 1907, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara ya ja baya, kaya suka koma shigowa ta teku. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmalin farko na mulkin En'e a Katsina, amma kuɗin fiton kayan waje bai shiga cikinsa ba, na gwamnatin tsakiya ne.

Hukumar Kwastan, wadda ke ƙirga tarihinta daga 1891, ta yi aiki da dokar 1958 har zuwa 2023 da aka maye gurbinta. Sabuwar dokar ta ba mai kaya kwana 30 ya fitar da kayansa bayan an sauke su. A farkon 2025 hukumar ta fitar da ƙa'idojin da suka ba da damar ƙarin lokaci zuwa kwana 90 da izinin manyan jami'anta. Idan wa'adi ya cika, akan yi sanarwa, a nemi umarnin Babbar Kotun Tarayya, sannan a yi gwanjo. Tun 2017 aka fara gwanjon ta intanet, aka sabunta shi a 2024, saboda koke-koken da aka daɗe ana yi cewa ana raba kayan ga na kusa a kan kuɗi kaɗan.

Wannan ya shafi Katsina kai tsaye. Rufe iyakar da aka fara a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, sun bar motocin kaya jibge a hanyar Jibiya, masu su na gani ba su da ikon ɗauka. Buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024 kuma ya kawo ajiyar kwantena cikin jihar.

Muwazana

Idan aka lura, yawancin kayan da suka wuce wa'adi ba tsintuwa ba ne, domin sunan mai su yana rubuce a takardar jigila. Sun fi kama da dukiyar wanda ba ya nan alhali ana bin sa bashi. Malikiyya sun halatta wa alƙali sayar da irin wannan dukiya don biyan bashi. A babin wanda ya karye, sun shar'anta a bar cinikin a buɗe kwana uku ko za a samu mai tayi mafi tsoka, a gaggauta sayar da dabba, a jinkirta na gida kamar wata biyu. Gwanjo shi kansa halal ne, haramun shi ne najashi da haɗa baki a karya kuɗin kaya. Haka nan dole a rarrabe kayan da aka kama na fasa-ƙwauri da waɗanda mai su ya kasa fansa saboda faɗuwar Naira, ko kuɗin ajiya da ya zarce darajar kayan, ko rufe iyaka. Na biyun bai saki kayansa ba, an dai fi ƙarfinsa ne.

Kammalawa

Tarihin ya nuna abubuwa uku da ba su sauya ba tun zamanin Sayyidina Usman (RA): cigiya ta gaskiya wadda za ta kai ga kunnen mai kaya, sayarwa a fili da kuɗin da ya dace, da ajiye masa ragowa bayan an cire haƙƙin hukuma da kuɗin ɗawainiya. Sanarwar da aka buga da Turanci a jaridar Legas ba lallai ta isa ga ɗan kasuwar Jibiya ba, alhali rediyon Katsina na cigiyar akuya da Hausa. Ya dace malamai da ɗalibai su mai da hankali ga na ukun, domin a kansa fatawar mai sayen kayan gwanjo ta rataya, kuma shi ne abin da Shehu ya tuhumi sarakunan da suka gabata da tauyewa. Allah Shi ne mafi sani.