Jar Fitilar Tifa

In ka ce wa malami a Bodinga kai ɗan riwaya ne, sai ya zaci hadisi kake kawowa. Tamu riwayar ta wayar mota ce, kuma ni na koye ta a bakin titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega. A wannan titi motar da ta fi ciyar da mu ita ce tifa, mai ɗibar yashi daga gulbi da burji daga kududdufai.

Lokacin da aka kai ni gun maigidana, a shekarun 1980, ɗaga bodin tifa bai shafe mu ba ko kaɗan. Aikin bakanike ne. A gefen giyabos akwai wata 'yar taga da aka rufe da faranti. Nan ake ɗaura abin da direbobi ke kira fitiyo, wani ɗan akwati mai haƙori wanda ke cizon haƙorin cikin giyabos ya ɗebi ƙarfin inji ya juya famfon mai, man ya tura jak, jak ya ɗaga bodi. A tsohuwar Bedford da Marsandi 911 da hannu ake sa shi. Direba ya taka kuloci, ya ɗan saurara, ya ja sanda. In bai shiga ba, hannunsa zai gaya masa, kunnensa ma zai ji haƙora suna gurzar juna. Namu bai wuce fitilu da sitata da caji ba.

A wancan zamani a gida ake harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi kuma a Inugu, inda aka buɗe kamfanin ANAMMCO a 1980, lokacin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Ga siminti yana fitowa daga Kalambaina, ga gine-ginen gwamnati ko'ina. Daga 1986 da aka shigo da tsarin SAP naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ɗan kwangilar ƙauye. Sai 'yan Baljiyam suka cika titi, su DAF da MAN da Iveco da ƙananan Marsandi, ta Kwatano da Legas. Su ne suka shigo da mu cikin harkar.

Waɗannan ba su da sanda. Iskar da ke riƙe birki ita ke tura fitiyo, wata da bawul na hannu, wata da makunni a dashbod. Mai makunnin ita ce tamu. Wuta na tasowa daga bayan makulli, ta bi fis, ta bi makunni, ta tada rile, rile ya ba sulunaid, shi kuma ya buɗe wa iska hanya. A takarda yaro ma zai zana shi. A ƙarƙashin mota kuwa, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, robar waya ta bushe tana karyewa kamar kara, ƙurar hunturu ta toshe soket, tankin iska ya tara ruwa don ba mai tsiyaye shi, to nan ake sanin wanda ya iya. Sau da dama an kira ni a kan waya ta mutu, ashe iska ce ba ta cika ba.

Kuskuren farko da duk muka yi shi ne na batir. Babbar mota bolt 24 take ci, batir biyu a jere. In aka rasa sulunaid nata a Sakkwato, maimakon a aika Kofar Ruwa a Kano, sai a sa na ƙaramar mota mai bolt 12 a jawo masa wuta daga batir guda. Yana aiki kuwa. Bayan 'yan watanni batiran su rabu, ɗaya ya ƙoshi har ya tafasa, ɗaya ya rame, mai mota ya tafi yana zagin mai sayar da batir.

Amma abin da na fi son a sani shi ne maganar jar fitila. A jikin fitiyo akwai wani ɗan makunni da ba ya haɗa waya da jikin mota sai haƙori ya shiga da gaske. Daga nan fitilar dashbod ya kamata ta samu umarni. Malalacin ɗan riwaya sai ya ɗauko ta daga makunnin direba, waya taƙi biyu an gama. Irin wannan fitila abin da direba ya nufa take faɗa, ba abin da ƙarfe ya yi ba. Ya kashe makunni, ta mutu, alhali haƙori na nan a cije. Ya hau titi famfo na juyawa da gudun da ba a yi shi dominsa ba, har mai ya yi zafi ya cinye shi.

Ni ma na taɓa yi. Wata tifa da na haɗa wa haka ta sauke burji a wajen Shagari, ta taso bodi bai gama kwanciya ba, ya ci gaba da tashi har ya tsinke wayar da ta shiga wani gida. Allah Ya kiyaye, ba babbar wayar wuta ba ce. Maigida bai daka mini tsawa ba. Ya ce, “Yaro, mi fitilarka tac ce wa direba?” Na ce, “Baba, cewa ta yi a kashe yake.” Ya ce, “To ƙarya ka koya mata.” Ranar a ƙarƙashin motar na yi magariba.

Tun daga nan ba na sakin tifa sai da abu uku: fis kusa da inda na ɗebo wuta, fitila daga jikin fitiyo, da rile da ke hana shi shiga in ba a ja hambirki ba. Na ukun ne ke haɗa ni faɗa da direbobi. Mai shimfiɗa burji a hanya yana son ya riƙa tafiya a hankali bodi a sama, don haka ya ce a yi masa dairek. Yana da hujja, ban musa ba. Shi nakan cire masa sharaɗin hambirki in sa masa ƙararrawa da ke kuka muddin bodi bai zauna ba. Wasu kafin su kai Sifawa sun cusa mata tsumma.

Yanzu Howo ta China ta mamaye yashi, kuma sababbin motoci da yawa burenbos ke yanke hukunci. Makunni roƙo kawai yake aikawa, kwamfutar ta duba giya da hambirki da gudun inji kafin ta yarda. Ka soka fitilar gwaji a wayar da ba ita ba, ka jawo wa mai mota asarar da ta fi kuɗin aikinka na wata. Ƙaramin yarona na shago shi ke karanta zanen a wayarsa ta hannu, ni ina ƙarƙashi da mita. Jiya ya leƙo ya ce, “Baba, wadda kake riƙe da ita ba ta wuta ba ce, ta saƙo ce.” Na sake ta, na ce ya karanto mini launin ta gaba.