Kafin Rahama akwai Zalika

A gidanmu rigimar ta fara. Ƙanwata da ke ajin ƙarshe na lise aka zaɓa ta fito a wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, kuma aka ba ta matsayin kishiya mai bin bokaye. Ta shigo gida da takardun tana murna. Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce: "Ɗiyata ba za ta tsaya gaban gari tana muguwar mace ba. Gobe in aka zo neman aurenki, da wannan sunan za a kira ki." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da dare na kai maganar fada. Kafin a sauke shayin farko an manta da ƙanwata, an koma kan ƴan fim ɗin Kano, kamar kullum. Wani ya ce su suka ɓata tarbiyyar ƴanmata. Wani ya ce masa to buɗe mana wayarka mu ga waƙoƙin wa ke ciki. Aka tono zancen Rahama Sadau, yadda ƙungiyar MOPPAN ta kore ta a 2016 saboda bidiyon waƙa da ta yi da mawaƙi ClassiQ. Kawuna, tsohon tela da ya yi samartakarsa a Yamai, yana gefe bisa tabarmarsa yana jinmu. Can ya ce: "Ku yaran yanzu kuna tsammanin da ku aka fara. Cikinku wa ya san Zalika?" Mu bakwai ne, biyar ɗaliban jami'a. Ba wanda ya amsa. Kunyar wannan daren ce ta sa na yi sati uku ina bincike, kuma abin da na samo nake son in ba ku, ƴan'uwana ɗalibai.

An haifi Zalika Souley a Yamai a 1947. Tana da shekara 19 Moustapha Alassane, wanda daga baya ya daɗe zaune a Tawa, ya sa ta a fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika ce mace ɗaya a ƙungiyar. Ku yi tunani: shekara shida da samun ƴancin kai, budurwa da wando da malafa da bindiga a ƙugu, bisa doki, kuma duk gari na kallonta a allon siliman.

Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta. Shi Ganda tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indocin, ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abijan, a can Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da ya koma gida ya fara shirya nasa. A Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1969, Zalika ta fito a mace mai zaman kanta, cikin masu cinye kuɗin tsohon soja. A Le Wazzou polygame kuwa wani Alhaji ne mai mata biyu ya sa kuɗi ya karɓe yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari. Zalika ce matar ta biyu, wadda kishi ya kai ta ga ɗaukar mai kisa don ya kawar da amarya, aka yi kuskure aka kashe ƙawar amarya. Wannan fim ɗin ne ya ci Étalon de Yennenga a FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da kyautar. Ke nan babbar kyautar finafinan Afirka, Nijar ta fara ɗauko ta.

Ƙasa ta yi alfahari. To Zalika fa? Kawu ya ce shi da kansa ya zauna a siliman ana zaginta da ƙarfi tana kan allo, kuma zagin bai tsaya a ƙofar siliman ba. Mutane sun ga ta yi karuwa, sun ga ta yi kishiya mai kisa, sai suka ce ai halinta ne take nunawa. Na tambaye shi sunan wanda ya fito a Alhajin, tunda shi ne tushen ɓarnar duka a labarin. Ya yi shiru, ya sosa kai, ya ce: "Wallahi na manta." Namiji ya yi mugun Alhaji ya cire rawani ya koma gida abinsa. Mace ta yi muguwar kishiya, rigar ta manne mata a jiki.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. A shekarun da suka biyo baya farashin uraniyom ya faɗi, kuɗin gwamnati ya ja baya, gidajen siliman suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. An sa wa cibiyar al'adu ta Yamai sunan Oumarou Ganda, kuma ya cancanta. Ita kuwa Zalika, lokacin da Rahmatou Keïta ta je ɗaukar tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005, ta tarar da ita cikin talauci a Yamai. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a Yuli 2021, tana da shekara 73. Allah ya jiƙanta.

Gurbin da siliman ya bari, kaset ɗin Kano ne ya cike shi. Daga Turmin Danya na 1990 har zuwa yau, a Maraɗi da Damagaram da Tawa finafinan Hausa muke kallo, har ƴarmu ta Maraɗi, Fati Nijar, ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin waƙoƙinsu. Masana'antar ta canja, harshen ya tashi daga Zabarmanci da Faransanci ya koma Hausa, allon ya ƙanƙance ya shige aljihu. Gardamar dai tana nan inda aka bar ta. An kori Rahama, mawaƙin ya ci gaba da waƙarsa. Mu kuma muna zagin ƴar wasa da baki, yatsanmu na sauke sabon fim ɗinta.

Ba na cewa duk mai suka jahili ne. Akwai finafinan da ni ma ba zan kalla tare da Inna ba. Akwai ƴanmatan da suka bar gida don fim aka cuce su, ba kuɗi ba mutunci. Al'umma na da haƙƙin ta ce wannan rawar ko wannan shigar ba ta yi mata ba. Abin da nake ƙi shi ne mu ɗauki laifin da ke cikin labari mu rataya wa wadda ta nuna mana shi. Ba a yin wa'azi kan kishi sai da mai kishi a labarin, kuma kalmar wazzou ɗin nan ta sunan fim ɗin Ganda, wa'azi ce. Da Zalika ta ce ita sai mace tagari za ta fito, da ba fim, da ba kyauta.

Da wannan hujjar na koma wurin Baba bayan la'asar. Na ba shi labarin duka, na ɗauka na gama da shi. Ya dube ni ya ce: "To, na ji. Ƙasa ta samu kyauta, masu fim sun samu suna. Ita me ta samu?" Ban da amsa. Tarihin da na kawo don in kayar da shi, shi ya tsaya wa. Baba bai ce wasan haramun ne ba. Tsoronsa mu ne, ƴan kallo, da abin da bakinmu ke yi wa ɗiyar mutane bayan an kashe fitila.

Kwana biyu bayan haka Inna ta sa baki, Kawu ma ya zo da kansa. Baba ya yarda, da sharaɗi biyu: in zauna a layin gaba, kuma in maido ta gida kafin isha'i. Ko shi zai zo, bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wasan ranar Asabar ta ƙarshen wata ne. Da yawanku za ku zo, na sani. In kishiya ta fito da ƙullin maganinta, ku yi mata ihu yadda kuke so, don alamar ta iya ke nan. Amma ranar Litinin in kun gamu da ita a ƙofar lakwal da littattafanta, don Allah ku kira ta da sunan da Baba ya raɗa mata.