Ƙwanso

ƙwanso (suna, namiji): ɓawon da ke rufe wani abu, kamar na gyaɗa, ko ƙwanson harsashi, wato gidan farar tagulla da ke riƙe albarushi da dalma, wanda bindiga ke tofarwa bayan harbi.

Sunan yana ruɗarwa, domin ɓawon gyaɗa shara ne, ƙwanson harsashi kuwa shi ne ɓangaren da ake iya sake amfani da shi. Haɗinsa kusan kashi 70 jan ƙarfe ne, kashi 30 tutiya, shi ya sa yake buɗewa da matsin harbi ya koma daidai. A Amurka masu sake cika shi sukan fara wanke baƙin hayaƙin da ya kama shi, su goge da niƙaƙƙen totuwar masara, wanda bakinsa ya tsage su yar. Ƙyalli ba lafiya ba ne: sinadarin amoniya, da ke cikin wasu magungunan goge ƙarfe, yana sa tagulla ta tsage, kamar yadda sojojin Ingila suka gani a Indiya da harsasan da suka ajiye a bargar dawaki.

Wani zai ce kalmar ba ta shafi maharban Tambuwal da Kebbe ba, tunda bindigar toka ta baki ake ɗura ta, ba ta da ƙwanso. Gaskiya ne, amma ƙwanson da aka tsinta a daji shaida ne na wanda ya yi harbi, kuma Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba izini. Wurinsa hannun hukuma ne.