Daga Magami Zuwa Babi na Huɗu

Ni ɗan Turba ne, a ƙasar Isa, kuma tun ina yaro nake jin dattawa suna ambaton Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, wanda kufansa ke cikin ƙasar Sabon Birni. Sai da na fara karatun tarihi na gane cewa a ƙasar nan tamu an taɓa zama da sarki a kan haƙƙin talaka tun kafin zuwan Turawa.

Wajen shekarar 1788, lokacin Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Sai dai alkawarin bai daɗe ba bayan rasuwar mai shi. Da Nafata ya hau gado, ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza naɗa rawani da mata yin lulluɓi, ya kuma ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin kakanninsa. A zamanin Yunfa tsamin dangantaka ya kai Shehu ga yin hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. A ganina, raunin yarjejeniyar Magami shi ne ta rataya ga kalmar mutum ɗaya: abin da sarki ya bayar, magajinsa na iya karɓewa.

Wannan raunin ne tsarin mulki yake ƙoƙarin magancewa. Sashe na 1 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora kundin a kan kowace hukuma da kowane mutum. Babi na Huɗu ya kare rai a sashe na 33, 'yancin addini a sashe na 38, da na faɗin ra'ayi a sashe na 39. Sashe na 35 ya wajabta kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, sashe na 46 kuma ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka tauye wa haƙƙi. Abin da Shehu ya roƙa, yau doka ce ta ba mu.

Amma manomin Isa da 'yan bindiga suke ɗora wa haraji kafin ya girbe gonarsa, wace kotu zai kai su? A Agustan 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannunsu. Sashe na 14 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su zama babban aikin gwamnati, amma yana Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi.

Saboda haka nake ganin har yanzu aikin da aka fara a Magami bai kammala ba. An rubuta haƙƙinmu yadda babu shugaban da zai soke shi da baki. Abin da ya rage wa Gobirawan yau shi ne mu san sassan nan, mu riƙa tambayar waɗanda muka zaɓa a kansu.