Daga Gafakar Kakana Zuwa Takardun Yahudawa

A Gummi na tashi, kuma har na yi furfura ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Amma kalmar tana bakinmu tun muna yara. In mutum ya tsuke hannu wajen ciniki, ko ya yi wayon da ya wuce kima, sai a ce masa Bayahude. Na shekara da shekaru ina koyar da tarihi a Anka da Bukkuyum, ban san cewa wani ɓangare na tarihin mutanen nan yana rataye a turakar kakana ba.

Bayan rasuwarsa, kawuna ya sauko da gafakar daga jikin bango. Fatar ta bushe ta yi tauri, igiyar ta tsinke a hannunmu. Takardun ciki ba ɗinki, baƙar tawada ta koma ruwan ƙasa, ja kuwa tana nan daram. Gara ta ci gefe guda.

"Ɗan nan, kai ka yi boko, duba ko da abin amfani," in ji shi.

Na ce, "To, Kawu."

A cikinsu akwai littafin da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Babi 8 ne kan abin da ya wajaba a kan mai mulki. Kowane almajirin ilimi ya san Magili: ya zauna Katsina da Kano, Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, kuma Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu sun kafa hujja da maganganunsa. Abin da ba a gaya mana a zaure ba shi ne abin da ya baro a baya kafin ya keto Sahara.

Wannan sai a Sakkwato na same shi, a ɗakin karatu, cikin juzu'i na 2 na Mi'iyar, babban kundin fatawoyin Malikiyya da Alwansharisi ya tara a Fas kafin rasuwarsa a 1508.

Tuwat jerin dausayoyi ne a kudancin Aljeriya ta yau, a da zangon ayarin da ke sauko da tufafi da tagulla, ya koma da zinariya. A wancan zamani, a garin Tamantit akwai Yahudawa tun da daɗewa, fatake da maƙeran zinariya. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antoniyo Malfante, ya aika wasiƙa gida daga can a 1447, ya ce Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari. Magili, mutumin Tilimsan, ya ga abin bai yi masa ba. A ganinsa sun karya sharuɗɗan amana, sun shige wa masu mulki, don haka ya ce a rushe wurin ibadarsu.

Nan ne na gyara zama. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ce atafau ba za a rushe ba. Aka aika tambaya Fas da Tilimsan da Tunis. Ibnu Zakari, muftin Tilimsan, ya bi bayan alƙali. Attanasi da Sanusi, mai littattafan tauhidin da muke karantawa a zaure, suka bi bayan Magili. Dukansu Malikawa ne, littattafai ɗaya suka karanta, amma suka rabu gida biyu. Alwansharisi bai ɓoye ko ɗaya ba, ya jera hujjar kowa.

Wajajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifaniya, Magili ya tara jama'a aka rushe wurin ibadar Tamantit, aka kashe wasu, saura suka watse. Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke garin, sai Alƙali Mahmudu ɗan Umar na Tumbuktu ya sa baki aka sake su, tunda ba su suka yi kisan ba. Magili ya koma Tuwat, can ya rasu wajajen 1504. John Hunwick, wanda ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, ya bi diddigin wannan labari a littafin da ya fitar a 2006.

Sai dai duk wannan magana ce a kan Yahudawan Tuwat, ba maganarsu ba. Abin da ya rage daga hannunsu kaɗan ne, kamar dutsen kabarin wata mace mai rubutun Ibrananci da shekarar 1329. Mai son jin muryar irin waɗannan fatake sai ya nufi Alƙahira.

A tsohuwar Alƙahira akwai wurin ibada da ake kira Ben Ezra. A da, Yahudawan can ba sa zubar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. In ta tsufa, sai a jefa ta wani ɗaki ta wata kafa a bango. Da na karanta haka sai na tuna kakata, wadda in ta tsinci guntun takarda mai baƙin Larabci a tsakar gida, sai ta kaɗe shi ta cusa a tsagar katanga. Yahudawan nan sun yi kusan shekara 1,000 suna tarawa: addu'o'i, takardun aure, lissafin bashi, wasiƙun fatake, har da rubutun yara masu koyon baƙi. A tsakanin 1896 da 1897 wani malami, Solomon Schechter, ya kwashe guntaye kimanin 193,000 zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. Yawancin wasiƙun da Larabci aka yi su, amma da baƙaƙen Ibrananci. Ashe su ma suna da ajaminsu. A ciki ana ambaton ayarin Sijilmasa, ƙofar da zinariyar ƙasashen baƙar fata ke bi zuwa arewa a wancan zamani. Ɗan Anka, da ya san abin da zinariya ta jawo wa Bagega da Dareta a 2010, ba sai an yi masa dogon bayani kan yadda take tara mutane ta kuma raba su ba.

A Tumbuktu ma takardu ne suka tona labarin. Wani malamin Yahudawa, Mordekai Abi Sarur, ya isa garin wajajen 1860 yana fatauci. Sunan garinsu a Maroko Akka, harafi ɗaya ya raba shi da Ankarmu. Isma'il Jaje Haidara ya tattara takardun cinikin Yahudawan garin, ya fitar da littafi a 1999.

Ban rubuta wannan don rage darajar Magili ba. Malami ne babba, kuma littafinsa na gafakar kakana har gobe yana da abin faɗa wa masu mulki. Amma da littafinsa kaɗai ya tsira, da ba mu san alƙalin da ya ja da shi ba, da ba mu san malamai sun saɓa ba. Tun daga ranar da na karanta labarin nan na daina kiran marowaci Bayahude.

Yanzu damuwata gafakokinmu ne. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, mutum na gudun 'yan bindiga da yaransa da tabarmarsa, takardun kakansa kuwa suna can gara da ruwan sama na rabo. A cikinsu akwai wasiƙu, da takardun gado, da tarihin da ba mu san muna da shi ba.

Duk mai gafaka a gida ya sauko da ita kafin damina. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya nemi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna su ajiye kwafi. Tawa shafi 11 gara ta ci kafin in farga.