Fatake da Leburori: Wa Ya Ɗauki Nauyin Gwagwarmayar Indiyawa a Afirka ta Kudu?

Duk lokacin da aka tayar da tarihin Indiyawan Afirka ta Kudu, sunan Gandhi ne ke cika baki, har yakan danne waɗanda suka fi kowa shan wuya. Matsayina shi ne, fatake ne suka fara fafutukar, amma ba ta girgiza hukuma ba sai da leburori da mata suka shige ta.

Tun 1860 Turawa suka fara kwaso Indiyawa zuwa Natal domin noman rake bisa yarjejeniyar shekara biyar. Kafin a tsayar da jigilar a 1911 an kawo fiye da mutum 150,000. Fatake, akasarinsu Musulmi 'yan Gujarat, sun biyo baya da kuɗin aljihunsu. Su ne suka kafa Natal Indian Congress a 1894, Dada Abdulla na shugaba, Gandhi na sakatare, don tare dokar da za ta hana Indiyawa ƙuri'a. Kuɗin zama ɗan ƙungiya fam uku ne a shekara. Leburan da ya fara da sule goma a wata, ina shi ina wannan ƙofa? Makaminsu takardun koke ne zuwa Landan, kuma a 1896 dokar ta wuce duk da haka. Abin da ya fi ɗaci, wasu koke-koken, kamar na ƙofofin gidan wayar Durban, cewa suka yi a raba Ba'indiye da baƙar fata, ba su nemi a rushe wariyar ba.

A Transvaal an ƙara zafi. Ranar 11 ga Satumba 1906 taro a Johannesburg ya rantse ba zai bi dokar rajista da dangwala yatsu ba, a Agustan 1908 kuma aka ƙona takardun rajista a harabar masallacin Hamidia. Ɗauri da karyewar jari suka sa sahu ya yi ta raguwa.

Shekarar 1913 ce ta sauya lissafi. Hukuncin alƙali Searle ya zubar da matsayin auren Musulmi da na Hindu, ga kuma harajin fam uku da ke wuyan wanda ya gama wa'adinsa ya ƙi komawa Indiya. Matan Tamil suka sauko Newcastle suka zuga masu haƙar kwal su ajiye aiki. A Nuwamba sama da mutum 2,000 suka taka da ƙafa suka keta iyakar Transvaal da doka ta hana su tsallakawa. Yajin ya bazu zuwa gonakin rake ba tare da jiran umarnin shugabanni ba, aka harbe wasu ma'aikata. Valliamma, wata 'yar fafutuka mai shekara 16, ta rasu a Fabrairun 1914 jim kaɗan bayan fitowarta daga kurkuku.

Dokar sassauci ta 1914 ta soke harajin, ta amince da aurarrakin. Abin da kusan shekara ashirin na rubutun koke ya kasa, tsayawar aiki a ramukan kwal da gonaki ta samo shi cikin 'yan watanni, domin a can ne asara ta taɓa aljihun masu mulki. Takunkumin mallakar fili a Transvaal da na tsallaka larduna kuwa suna nan daram lokacin da Gandhi ya bar ƙasar a Yulin 1914.